Tattalin Makamashi a Ginin Ɗakin Karatu na Jama'a: Nazari Daga Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin harshe da adabi sun saba kallon ɗakin karatu ta fuskar abin da ke cikinsa, wato littattafai da mujallu da kundayen bincike da rubuce-rubucen hannu, ba kasafai sukan tsaya su dubi ginin da ya ƙunshi waɗannan kaya ba. Alhali kuwa ginin ne ke sa littafin da aka buga yau ya kai shekara hamsin, ko kuwa fumfuna da gara su gama da shi kafin shekara goma. Shi ne kuma ke sa mai karatu ya zauna awa uku, ko zafi ya kore shi bayan rabin awa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda za a tsara ginin ɗakin karatu na jama'a, ko a gyara wanda ake da shi, ta yadda zai ci wuta kaɗan kuma ya daɗe yana amfani, inda aka ɗauki Kafanchan da kewayenta a matsayin misali.

Batun ya ƙara zama tilas tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar lantarki zuwa Naira 225 kan kowane yunit ga rukunin masu amfani da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Ɗakin karatu na jama'a ba ya sayar da komai. Duk Nairar da ta tafi ga man janareta, daga kuɗin sayen littafi aka yanke ta.

2.0 Kalmomin da Za a Yi Amfani da Su

A Hausar yau da kullum, makamashi shi ne abin da ake hura wuta da shi, kamar itace da kara da gawayi da busasshen kashin shanu, kuma ga dukkan alamu kalmar tana da dangantaka da kama, kamar a cikin jimlar wuta ta kama. Kafofin watsa labarai ne suka faɗaɗa ma'anarta har ta haɗa da man fetur da iskar gas da lantarki da ƙarfin rana. Irin wannan faɗaɗa ma'ana ta faru ga wuta ita kanta, wadda ta koma nufin lantarki, har ake cewa an kawo wuta, an ɗauke wuta, wannan na'ura tana shan wuta. Haka ma ƙwai, da ya sami sabuwar ma'ana saboda kamannin siffa.

Inda ake samun ruɗani shi ne wajen fassara abubuwa biyu da masana wannan fanni suka bambanta. Na farko shi ne rage amfani da wuta ta hanyar haƙura da wani aiki, misali a kashe fanka a zauna cikin zafi. Na biyu shi ne a yi aikin kamar yadda aka saba, amma da wuta kaɗan, misali a sami haske iri ɗaya daga ƙwan da bai kai na da shan wuta ba. Masu fassara sukan kira duka biyun tsimi, wasu kuma tanadi. A ganin mai wannan maƙala, tsimi ya fi dacewa da na farko, domin a cikinsa akwai ma'anar ragewa da hana kai, har idan ya yi yawa ya zama tsumulmula. Na biyun kuwa tattali ne, domin mai tattalin dabba ba ya hana ta abinci, yana dai lura kada a yi ɓarna. Tanadi kuma ya fi kusa da ajiya don gaba, saboda haka ya dace da aikin batir da na tankin ruwa. A kan wannan bambanci za a tafi a nan, kuma za a yi amfani da ɗorewa da nufin iya ci gaba da aiki shekara da shekaru ba tare da an ƙarar da abin da aikin ya dogara a kansa ba. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya yi wa fannin harshe da adabi irin wannan hidima. Fannin gini da makamashi ma yana buƙatar tasa.

3.0 Kafanchan da Yanayinta

Kafanchan tana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna, a ƙasar Fantswam, kusa da duwatsun Kagoro. Jirgin ƙasa ne ya ɗaukaka ta, domin a 1927 ta zama mahaɗar hanyar da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos, kuma a 1933 aka mayar da fadar masarautar Jama'a can. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga ko'ina suka zauna tare da masu magana da Tyap da Jju da Hyam da sauran harsunan yankin, Hausa ta zama harshen kasuwa da na hulɗa. Gari ne na makarantu: akwai Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna a Gidan Waya, akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ita kuma Hukumar Ɗakunan Karatu ta jihar tana da reshe a garin. Wato dai akwai masu karatu.

Abin da ya fi shafar wannan nazari shi ne ruwan sama. Damina a nan tana farawa tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, kuma ruwan shekara yakan kai milimita 1,500 ko fiye, wanda ya ninka na Katsina. Garin yana kan tudu mai tsayin mita 700 da wani abu daga teku, don haka zafinsa bai kai na Sakkwato ko Maiduguri ba, dare kuma yakan yi sanyi. Da hunturu iska takan bushe ƙwarai, ta zo da ƙura. Ke nan gini a Kafanchan yana fama da abokan gaba biyu da suke karɓa-karɓa: laima wata bakwai, ƙura da bushewa sauran watannin, sannan zafin Fabrairu zuwa Afrilu a tsakani.

Wanda ya taso a ƙasar Hausa ta arewa, kamar mai wannan maƙala, yakan zo da zaton cewa zafi ne kaɗai matsala, kuma soro ne maganinsa. Damina ɗaya ta ishe shi ya gane kuskurensa. A wani ɗakin karatu na makaranta da ya taɓa amfani da shi a yankin, ya tarar da jerin littattafan da aka jingina da bangon gabas sun manne da juna bayan hutun watan Agusta, bangonsu ya yi tabo fari-fari, warin ruma kuma ya cika ɗakin, saboda an kulle tagogi duka na tsawon makonni shida don tsoron ɓarayi. Ba ɓarawon da ya shiga, amma an yi asarar littattafan.

4.0 Ginin Kansa

Ƙa'idar farko ita ce gini ya yi mafi yawan aikin kafin a kunna kowace na'ura. Wannan yana farawa daga fuskar da aka ba shi. Rana tana dukan bangon gabas da hantsi, tana dukan na yamma da la'asar, kuma a waɗannan lokuta tana ƙasa-ƙasa, inuwar rufi ba ta tare ta. Don haka ake so ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, gajerun bangayensa su fuskanci waɗannan kusurwoyi, manyan tagogi kuma su kasance a kudu da arewa. Sai dai akwai wani abu da littattafan gini da aka rubuta don ƙasashen Turai ba za su nuna ba. Kafanchan tana tsakanin digiri 9 da 10 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana wucewa daidai tsakiyar ka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu tana karkata arewa ne da tsakar rana. Bangon arewa ma ke nan yana buƙatar baranda ko leɓen rufi mai faɗi, kamar dai na kudu. Leɓen nan yana aiki biyu, yana tare rana, yana kuma hana feshin ruwa jiƙa bango.

A ginin bene ɗaya mafi yawan zafi ta rufi yake shiga. Kwano yana ɗaukar zafi nan da nan, ya sauke shi kan silin, silin kuma ya sauke shi kan mai karatu. Maganin da ya fi araha shi ne kwano mai farin launi, da barin sarari tsakaninsa da silin, da buɗe kafofi masu raga a gefe da kuma can ƙololuwa don iska mai zafi ta fice, tun da ɗabi'arta ce ta tashi sama. Francis Kéré, masanin zanen gini ɗan Burkina Faso wanda ya sami lambar Pritzker a 2022, a kan wannan dabara ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001: bango da silin na tubalin ƙasa, rufin kwano kuma an ɗaga shi sama a kan ƙarafa, iska tana ratsawa ƙarƙashinsa. A ɗakin karatu na makarantar kuma sai ya sa aka yanka tukwanen ƙasa aka jera su cikin silin, bakinsu ya zama kafar haske da ta fitar iska.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A can Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tsohon masallacin kuma aka gyara shi aka mayar da shi ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018. Tsohon ginin yana cikin salon Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya sami lambar Aga Khan a 1986. Kaurin bango da tsayin ɗaurin guga su ne ke riƙe sanyi a ciki, domin bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi.

To amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shimfiɗaɗɗen rufin soro, da azararsa ta giginya da indararonsa da shafen makuba ko laso, an yi shi ne don ƙasar da ruwa ke zuwa ya wuce cikin wata huɗu, rana ta biyo baya ta busar. A Kafanchan ba zai sami sararin bushewa ba. Mutanen yankin sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa ɗakunansu na gargajiya suke da rufin ciyawa mai gangara sosai wanda ke sauka ya lulluɓe bango. Abin da za a aro daga ginin Hausa shi ne kaurin bango da tsayin ɗaki da tsakar gida. Abin da za a aro daga ginin yankin shi ne gangarar rufi da faɗin leɓensa. Tubalin ƙasa yana iya aiki a nan idan an gauraya shi da siminti kaɗan, aka ɗora shi kan harsashin dutse da ya ɗaga daga ƙasa, dutse kuwa ba ya wuya a wannan yanki.

Game da tagogi, ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta fitar a 2017 ta ɗauki kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango a matsayin ma'aunin gilashi, abin da ya haura haka sai an yi masa inuwa. Wannan gargaɗi ne ga masu sha'awar bangon gilashi irin na bankuna. Ɗakin karatu yana son haske, amma hasken da aka tace: dogayen tagogi a sama kusa da silin, fenti fari a ciki, teburan karatu kusa da taga, kantocin littattafai kuma nesa da ita, domin hasken rana kai tsaye yana dusashe tawada, yana sa takarda ta yi rawaya ta riƙa karyewa.

5.0 Buƙatar Mai Karatu da Buƙatar Littafi

A nan ne wahalar take. Jikin mutum yana jin sanyi idan iska tana kaɗawa a kansa ko da ɗakin bai huce ba, don haka mai karatu yana son taga a buɗe. Littafi kuwa ba ruwansa da kaɗawar iska, abin da ya dame shi shi ne yawan laimar da ke cikinta. Masana adana takardu sun nuna cewa idan laima ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, fumfuna takan fara tsiro, musamman inda iska ba ta motsi, kuma a watan Agusta iskar waje a Kafanchan ta wuce wannan ma'auni. Da hunturu kuma al'amarin ya juya, takarda da fata su bushe, manne ya tsattsage, ƙura ta shiga tsakanin shafuka. Wannan kai da komo tsakanin jiƙa da bushewa yana daga cikin abubuwan da suka fi gajiyar da littafi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a nemi biyan buƙatun biyu da na'urar sanyaya ɗaki a ginin gaba ɗaya. Idan wuta tana tsayawa dare da rana, to. Idan kuwa tana zuwa tana tafiya, na'urar takan ƙara ɓarna, domin ta sanyaya bango da kanta da littafi, sannan a ɗauke wuta, a buɗe ƙofa, iska mai ɗumi da laima ta shigo ta yi raɓa a kan abin da ya yi sanyi, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi take zufa. Ɗakin da aka tsara don na'ura kuma galibi ba shi da tagogin kirki, in ta tsaya ya zama tanda.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba ginin gida biyu. Babban zauren karatu, tare da littattafan da ake ara kullum, ya dogara ga tagogi masu fuskantar juna da fanka. Littafin da ake yawan buɗewa yana shan iska, kuma in ya tsufa ana iya sake saye. Abin da ba shi da madadi, kamar tsofaffin jaridu da kundayen tarihin yankin da littattafan farko na Tyap ko Jju ko Hyam da aka buga kaɗan, a keɓe masa ƙaramin ɗaki a tsakiyar gini wanda ba ya haɗa bango da waje, a sa masa na'urar tsotse laima guda ɗaya, wadda batir zai iya riƙewa. Kantoci su ɗaga daga ƙasa da kamu ɗaya, su kuma ja baya daga bango, don iska ta zagaya, don kuma a ga hanyar gara tun tana farawa. Malaman zaure sun riga mu sanin wannan, su da suke sa littafi cikin tadarishi, su sa shi a gafaka, su rataye a bango nesa da daɓe.

6.0 Lissafin Wuta

A ɗauki misalin zaure mai ƙwai 20, da fanka 6, da kwamfuta 5, yana aiki awa 8 a rana. Idan tsohon ƙwai ne mai wat 60, fitilu kaɗai za su ci wat 1,200. Ƙwan zamani mai suna LED yana ba da haske kamar wannan da wat 9, jimla wat 180. Fanka 6 masu wat 70 sun kama 420. Kwamfutar tebur takan ci wajen wat 100, ta hannu kuwa wajen 50. Da tsofaffin kaya ke nan zauren zai ci yunit 17 a rana, da sababbi kuwa bai kai 7 ba, kuma ba wanda aka hana haske ko iska. Wannan shi ne tattali. Idan aka ƙara na'urorin sanyaya ɗaki biyu masu wat 1,100 kowace a kan tsofaffin kayan, lissafin zai haura yunit 34, domin guda ɗaya tana cin abin da fanka 15 ke ci.

Amfanin wannan lissafi yana bayyana idan aka zo maganar sola. Faranti mai wat 400 yakan ba da kimanin yunit ɗaya da rabi a rana mai haske. Zauren da aka yi wa tattali yana buƙatar faranti 5, a ƙara biyu ko uku saboda gizagizan Agusta. Wanda ba a yi wa ba, aka kuma ƙara masa na'urorin sanyaya ɗaki, yana buƙatar fiye da 20. Saboda haka sayen faranti shi ne matakin ƙarshe, bayan an gyara rufi da taga da ƙwai. Ɗakin karatu ya yi sa'a ta wata fuska, domin da rana yake aikinsa, lokacin da faranti ke samar da wuta, don haka ba ya buƙatar batir mai yawa, batir kuwa shi ne ya fi saurin mutuwa a cikin kayan. Ana karkata farantan kudu da kimanin digiri 10, gangarar da za ta bar ruwan sama ya wanke su.

Rufin nan dai yana da wata kyauta. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 200 yana karɓar lita 300,000 a shekara. Ko kaɗan daga ciki aka tara a tanki ya isa banɗaki da ban ruwan itatuwan da za a dasa gabas da yamma, kuma ruwan da aka kama ba zai kwanta gindin bango ya jawo ruma ba. Itatuwan dai kada su matso gini, saboda saiwa da gara da ganyen da ke toshe magudana, kada kuma su yi wa faranti inuwa.

Abin da kan kashe irin waɗannan ayyuka sau da yawa shi ne tsarin kasafi: ana samun kuɗin saye, ba a ware na kula ba. Da hunturu ƙura takan rufe faranti ta rage ƙarfinsa, sai an goge shi duk mako, kuma dole a san wanda aikin yake wuyansa. Haka ma tagogi: gini mai dogaro da iska sai da mai buɗewa da rufewa a kan lokaci, da sassafe a buɗe a sha sanyin dare lokacin bazara, a rufe ɓangaren gabas idan hadari ya taso, a rage na arewa maso gabas da hunturu, lokacin hutu kuma a bar na sama masu raga a buɗe. Waɗannan umarni masinja da mai gadi da mai shara ne za su aiwatar da su, kuma takardun da ke zuwa da kayan sola da Ingilishi ake rubuta su. Shafi guda da aka rubuta da Hausa mai sauƙi, da Tyap ko Jju inda ya dace, aka manna a bayan ƙofa, yana cikin kayan aikin ginin kamar yadda inbata take, kuma rubuta shi ya faɗo a fannin masu karanta wannan mujalla.